Kujerar da Aka Ɓoye wa Likita

Shekara goma sha tara Shugaba tana riƙe da makarantar firamaren nan ta bayan tashar mota, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa yin sifeton da ya shigo ya fita da abin faɗa ba. Ba wai makarantar ba ta da aibu ba ne. Aibu kam akwai shi har na bayarwa, sai dai Shugaba ta san inda ake ajiye shi. Kwana uku kafin masu duba makarantu su zo, za a shafe bangon da ke kallon ƙofa da fenti, a bar sauran ukun yadda suke. Za a aro bencina daga makarantar da ke maƙwabtaka da su, wadda ita ma za ta aiko aro idan ranarta ta zo. Kujeru masu ƙafa uku, da allon da ya tsage, da agogon da ya tsaya tun zamanin wanda ta gada, duk a kwashe su a kai sito a danna kwaɗo. A gaban ofishinta akwai famfuna huɗu masu ƙyalli waɗanda ba a taɓa haɗa su da bututu ba, kuma sifetoci uku sun yaba musu a rubuce.

To, wannan matar ce 'yarta ta nema wa likitar damuwa ta intanet.

Abin da ya jawo haka ba mai tsawo ba ne. Wata takwas da rasuwar mijinta, wata ranar Litinin a taron safe, gaban yara ɗari shida, Shugaba ta ɗauki abin magana ta ce, "Yara," daga nan kuma shiru. Baki a buɗe, magana ta ƙi fita. Yaran da ko tari ba sa yi a gabanta suka fara kallon juna. Sai da mataimakinta ya lallaɓo ya karɓi abin maganar ya ce a rera waƙar makaranta, aka rera har sau biyu. Kafin azahar labari ya kai kunnen Auta, 'yarta da ke aiki a wani gari mai tafiyar awa biyar a mota.

"Mama, lafiyarki kuwa?" in ji Auta a waya.

"Lafiya lau. Alli ne ya shiga mini maƙogwaro."

"Wata takwas ke nan kullum lafiya lau. To ki saurare ni, na nema miki likita. Ranar Asabar ƙarfe huɗu, ta kwamfuta, ba sai kin taka ko'ina ba. In kin ƙi, ko abin ya ci gaba a haka, wallahi zan zo da babbar mota in kwashe ki da kayanki ki dawo wurina. Ki ajiye aikin, a rufe gidan."

Shugaba ta ajiye waya. Yarinyar nan halin uwarta ta ɗauko, in ta ce za ta zo da mota, to har an zuba mai. Ba abin da Shugaba take tsoro a duniya kamar ta wayi gari a ɗakin baƙi na gidan 'yarta, ba ƙararrawa, ba rajista, ba gidan da ta yi shekara talatin da ɗaya a cikinsa. Amma da ta sake juya maganar sai ta ji hankalinta ya ɗan kwanta. Ai wannan ba sabon abu ba ne. An sa rana, za a zo a duba, za a rubuta rahoto a aika sama. Bambancin kawai shi ne yau ita ce makarantar.

Washegari likitar ta aiko da saƙo mai layi huɗu. Ki nemi wuri mai shiru inda ba mai jin ki. Ki gwada intanet da kyamara tun da wuri. Ki ajiye ruwa da hankici kusa. Ki ɗan yi tunanin abin da kike so mu yi magana a kai. Shugaba ta sa aka buga mata shi a takarda, ta bi shi da jan biro, sannan ta aika aka kira Mataimaki.

Mataimaki dattijo ne siriri, shekararsa goma sha huɗu a ƙarƙashinta, kuma ya ƙware wajen cewa "haka ne, ranki ya daɗe" tun kafin ta kai ƙarshen jimla. Baiwarsa guda ce, amma babba: in ya tsaya a bakin ƙofa, ya san daidai inda idon sifeto zai sauka da inda ba zai taɓa kai wa ba.

"Karanta layi na uku," in ji Shugaba.

"Ruwa da hankici, ranki ya daɗe."

"Ka ga tarkon? So suke su ga ko zan yi kuka. Duk wanda aka gani da hankici ya faɗi tun kafin a fara."

"Haka ne, ranki ya daɗe. Mu ma in muna so mu kama mai satar amsa, ai littafi muke mantawa a kan tebur."

"Babu hankici."

"Babu, ranki ya daɗe."

Ranar Alhamis bayan an tashi, Mataimaki ya iso gidan da kwalin alli, da gwangwanin fentin da ya rage daga zuwan sifeto na bara. Ya ɗora kwamfuta a kan teburin falo, ya kunna kyamara, ya riƙa leƙa allon yana komawa bango yana ja da alli, har ya zana iyakar abin da likita za ta iya gani. Murabba'i ne da bai fi faɗin ƙofa biyu ba. A cikinsa aka shafa fenti ruwan madara, har shafi biyu. A wajensa kuwa, ko yanar gizo-gizo ba a taɓa ba, don ba a ɓarnar fenti a inda ido ba ya zuwa. Aka aro kantar littattafai cike da manyan kundaye daga wurin tsohon lauyan da ke maƙwabtaka, aka ɗauko fulawoyin roba na ofis, aka rataye takardar yabo guda biyu. Ta uku ce ta faɗa wajen layin alli, sai aka mayar da ita cikin jaka.

Daga nan Mataimaki ya yi gyaran murya, ya sake yi.

"Ranki ya daɗe, wannan tana cikin layi."

Kujerar marigayi yake nufi. Tsohuwar kujera ce mai hannuwa, tsakiyarta ta lotsa, hannun dama an ɗaure shi da waya. A kan hannun hagu tabaraunsa na nan a ninke inda ya ajiye shi. A gefenta akwai takalmansa na zaman gida, da rediyoyinsa da ya farke cikinsu a jere a jikin bango. Wata takwas ba wanda ya zauna a kai, ba wanda ya matsar da ita. Shugaba da kanta take shara, tana zagaye ƙafafunta da tsintsiya.

A gaban kujerar nan take tsayawa kowace Lahadi da yamma ta gwada jawabin da za ta yi wa yara ranar Litinin. Shi kuma yana zaune da sukundireba a hannu, ya zama ɗalibi mai taurin kai. Sai ta yi nisa ya ɗaga hannu ya ce, "Hukuma, ina da tambaya." Haka yake kiranta, Hukuma, kuma shi kaɗai ne a garin nan da ba ya shakkarta. Ƙarshen kowane gwaji hukuncinsa ɗaya ne, jawabin ya yi tsawo. Ta yi masa faɗa, ta koma ɗaki ta yanke rabi. Tana kewarsa ƙwarai, kewar da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, har ta kai ba ta ambatonsa ko a gaban 'yarsu.

"A kai sito," in ji ta.

Ta shige kicin ta kunna famfo ta tsaya a kansa, don kada ta ji ana jan ƙafafun kujerar a kan siminti. Mataimaki ya yi ta safara zuwa siton da ke can ƙarshen tsakar gida: kujera, takalma, rediyoyi, fankar da ta mutu, bokitai. A ƙarshe idonsa ya faɗa kan 'yar na'urar nan mai fitilu uku da ke kawo intanet, tana lilo a jikin bango da tarin wayoyi a cukurkuɗe. Ya girgiza kai. Duk likitar da ta ga wannan za ta rubuta cewa gidan ba shi da tsari. Ya cire ta ya kai sito, ya samu soket ya jona, fitilun uku suka kawo kore shar. Ya gamsu, ya ja ƙofa.

Ranar Juma'a aka yi gwaji. Mataimaki ya zauna a bayan kwamfuta a matsayin likita, da takardar ba da maki a cinyarsa, Shugaba kuma ta zauna a tsakiyar murabba'in fenti da fayil mai shafi shida.

"Ranki ya daɗe, kina samun barci?"

"Awa takwas."

"Madalla. Cin abinci fa?"

"Sau uku, a kan lokaci."

"Madalla. Akwai abin da ke damun ki?"

"Ƙarancin bencina a aji huɗu."

"Kai, madalla!"

"Kai fa likita ne, ba maroƙi ba," in ji Shugaba. "Yi mini tambaya mai wuya."

Mataimaki ya share gumi. Ya dubi rufi, ya dubi fulawar roba, ya yi ta maza.

"Ranki ya daɗe... kina kewar marigayi?"

Ta ɗago ta yi masa kallon da take yi wa malamin da ya makara ranar jarrabawa.

"Wannan ba ya cikin manhaja."

"Ba ya ciki, ranki ya daɗe. Na janye."

Ya ba ta casa'in da takwas cikin ɗari. Biyun ma ya cire su ne don kada a ce an haɗa baki.

Ranar Asabar tun ƙarfe uku Shugaba ta gama shiri, ta sa kayan da take sawa ranar raba kyaututtuka. Mataimaki ya je ya roƙi kafintan da ke bayan gida ya ajiye guduma daga huɗu zuwa biyar, sannan ya ɗauki benci ya zauna a ƙofar gida don korar masu talla da masu zuwa gaisuwa. Layi na ɗaya na saƙon likita an cika shi, wuri ya yi tsit. Layi na uku an soke shi da jan biro. Layi na huɗu yana cikin fayil. Layi na biyu ne kawai ba wanda ya waiwaya, kuma ba za a ga laifinsu ba. A sana'arsu ba a taɓa neman abu ya yi aiki ba, a gan shi kawai ake so, kuma an ga fitilu uku kore.

Ƙarfe huɗu daidai ta latsa inda aka ce ta latsa. Wata 'yar da'ira ta fito tana juyawa. Ta juya, ta juya. Can sai rabin fuskar mace ya bayyana ya sandare, baki a karkace, murya na fitowa gutsi-gutsi.

"Mama... ba na... ki matsa kusa da... na'urar..."

Shugaba ta sha jinin jikinta. Ta ƙwala wa Mataimaki kira, amma shi yana can waje yana fama da mai sayar da tsintsiya. Huɗu da minti biyar. A duk laifuffukan da ta sani, ba wanda ya kai barin sifeto yana jira. Ta sunkuci kwamfutar ta fita daga murabba'in fenti, ta bar fayil a kan tebur. A baranda fuskar ta motsa ta sake tsayawa. A tsakar gida murya ta fara haɗuwa. Tana tafe tana bin alamar kamar mai bin kaza, har ta tsinci kanta a ƙofar sito. Ta tura ta shiga. Nan take hoto ya washe tar.

Ba wurin zama a siton sai guda ɗaya. Ta duba hagu ta duba dama, ta zauna a kujerar, kwamfuta a cinya. Lotsawar tsakiyar ta karɓe ta har ƙugu, ƙanshin man da yake shafa wa gashinsa ya taso daga jikin yadin. Ta ɗaure fuska tamau.

Likitar ba ta fi sa'ar Auta ba. Tana zaune a wani ɗaki mara ado, kalanda a karkace a bayanta, har da kofin shayi a gefe. Shugaba ta cire mata maki goma a zuci.

"Sannu, Mama. Yanzu kam ina ganin ki sarai, ina kuma jin ki. Ina wuni?"

A kusurwar allon akwai ɗan ƙaramin hoto, a ciki Shugaba ta hango kanta. Ga ta cikin kayan raba kyaututtuka, a bayanta rediyoyi a farke, da fanka mara kai, da bokiti a kife, da takalmin namiji ƙafa ɗaya a kan kwali. Duk abin da aka yi kwana biyu ana ɓoyewa ya taru ya yi mata rakiya. Amma ba a banza ta yi shekara goma sha tara a kujerar mulki ba. Ta miƙe wuya ta fara karanto fayil ɗin da ka.

"Lafiya lau. Ina barci awa takwas. Ina cin abinci sau uku a kan lokaci. Ina zuwa aiki ƙarfe bakwai saura kwata. Dangane da rahoton da za ki aika wa 'yata, ina so a nuna cewa..."

"Babu rahoto, Mama."

"Na'am?"

"Ba na aika wa kowa komai. Abin da kika faɗa a nan, nan zai tsaya, tsakanina da ke. Ba maki nake bayarwa ba."

Shugaba ta ji abin har cikin ranta. Dubawa ba rahoto? Wace irin hukuma ce ta ɗauki yarinyar nan aiki?

"To fentin fa?" ta ji bakinta ya faɗa.

"Wane fenti?"

"Babu komai."

Likitar ba ta matsa ba. Ta ɗan karkata kai tana kallon bayan Shugaba, kallon mai son sani kawai, ba na mai neman laifi ba, irin kallon da Shugaba ba ta san yadda ake kare kai daga gare shi ba.

"Rediyo nawa ne waɗancan? Na ƙirga biyar."

"Bakwai ne," in ji Shugaba, don ba ta iya barin kuskuren lissafi ya wuce ta. "Biyu suna ƙasa. Kuma ba mai yi a cikinsu."

"Na wane ne?"

Ta yi niyyar cewa na maƙwabta ne. Hannunta na dama yana kan wayar da aka ɗaure hannun kujerar da ita, tana jin kaifin inda ya murɗe ta da filaya.

"Na maigidana ne. Shekara talatin yana gyaransu. Ko ɗaya bai taɓa tashi ba. In ya buɗe mai magana ma, sai ya daina."

Ta yi dariya, dariyar gaske, irin wadda ta manta tana da ita. A tsakiyar dariyar ne abin ya juye. Ta nemi ta tsayar da shi yadda take tsayar da surutun aji, da ido ɗaya, ya ƙi. Ta lalubi hankici, ta tuna ita ta soke shi da jan biro. Abin da hannunta ya samu shi ne ɗan ƙyallen da yake goge tabarau da shi, a cuse a gefen kujerar. Da shi ta rufe fuska, ta yi kukan wata takwas a gaban 'yar mutane, likitar kuwa ta bar ta.

Da numfashi ya dawo, magana ta biyo baya, ba tsari, ba lamba ɗaya da lamba biyu. Barcin awa takwas ɗin nan, uku ne. Har yanzu kofi biyu take ɗaukowa da safe, ta mayar da ɗaya. Ranar Litinin ɗin nan kuma ba alli ba ne.

"Na ce 'Yara', sai na tuna ban gwada jawabin a gaban kowa ba. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ce mini ya yi tsawo. Shi ke nan na rasa ta inda zan ci gaba."

Ƙarfe biyar da 'yan mintuna Mataimaki ya leƙo falo ya tarar da komai tsaf, kundayen lauya, fulawoyi, fenti na ƙyalli, ba kowa. Ya bi gida yana sallama har ya kai sito. Ya same ta zaune a kujerar, kwamfuta a rufe, idanu jajir.

"Ranki ya daɗe... mun ci?"

"Mun faɗi."

"Subhanallahi! Fentin ne? Na san shafi uku ya kamata a yi."

"Ka mayar wa lauya littattafansa. Kujerar nan kuma ka mayar da ita inda ka ɗauko ta, da takalman, da rediyoyin duka bakwai."

"Cikin layi, ranki ya daɗe?"

"Cikin layi."

Bai ce haka ne ba. Ya tsaya ya dube ta, karo na farko cikin shekara goma sha huɗu, sannan ya sunkuya ya fara ɗaukar rediyo da hannu biyu.

Saura mai wuyar. Ba rahoto, ta ji, amma ita ba ta saba ɓoye sakamako ga wanda ya yi rajista ba. Ta tsaya a tsakar gida ta dubi igiyar shanya, da randa, da tagar ɗakinsu, kallon mai ƙirga abin da zai shiga mota da abin da za a bari. Sannan ta kira Auta da kanta.

"Mama, yaya aka yi?"

"Na faɗi. Na yi kuka a sito, cikin kayan raba kyaututtuka. An ce in koma Asabar mai zuwa, wato maimaita aji ke nan. In za ki zo da motar ki zo. Amma ki sani kujerar babanki ba inda za a bar ta, kuma ba na barci, kuma ina kewarsa kamar in mutu."

Shiru. Shugaba ta ɗauka layin ne ya yanke, har ta fara takawa wajen sito. Sai ta ji jan hanci a ɗaya ɓangaren.

"Mama, tun da ya rasu, yau ne kika fara ambatonsa a gabana. Kullum lafiya lau, lafiya lau. Ni lafiya lau ɗin nan ce take ba ni tsoro." Auta ta ja numfashi. "Ba wata babbar mota. Gobe zan taso da sassafe ni kaɗai, in kwana biyu in koma. Jawabin Litinin, kin rubuta?"

"Na rubuta."

"Shafi nawa?"

"Huɗu."

"Ya yi tsawo, Hukuma."

Shugaba ta buɗe baki za ta ce mata mara kunya, maganar ta ƙi fita. Wannan karon ba ta ɗora wa alli laifi ba.